Dokin Mai Baki

Daren Juma'a a Kildare, ruwa na dukan taga,
shayi ya huce, edita ya kira sau biyu:
"Fintan, ina shafin gobe?"
Na ce yana tafe. Shekara talatin da ɗaya
ina gaya wa mutane abin da doki zai yi,
dokin da ko sunana bai sani ba.

Tseren ƙarfe uku da kwata, mil guda cif,
fili shimfiɗe, ba shinge, ba tsallake,
goma sha ɗaya za su fito.

Gishirin Teku: akawal, ɗan shekara huɗu,
ya ci biyu a jere kafin damuna ta kankama,
amma a busasshiyar ƙasa ya ci su.
Gobe ciyawa za ta kwana tana shan ruwa,
shi kuwa kofatonsa ba ya shiri da laka.
Duk gari na kansa. Ni na kau da kai.

Fitilar Maƙwabci: an ɗora masa nauyi
kamar wanda ya yi wa alƙalan laifi,
ga ƙofa ta sha ɗaya, can bakin waje.
Ku bar shi.

Sai Wasiƙar Talata, goɗiya kili, 'yar ƙarama.
Laraba da asuba na tsaya bakin filin atisaye,
agogo a hannu, yatsu sun ƙage don sanyi,
na ga ta wuce abokan turkenta biyu
yaron da ke kanta bai ko ɗaga bulala ba.
Ka sa ɗaya, ka kwashi tara.
Sai dai Oisín, mai share bargarsu,
ya raɗa mini jiya a kantin burodi
wai ta bar rabin hatsinta a komi.
To, shi ma Oisín ya taɓa rantse mini
a kan dokin da ya zo na takwas cikin tara.

A kantin nan ne matar Tuohy ta tare ni.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Kuɗin man ɗumama gida ne,
Yuro ɗari uku. Maganarka ya bi, watan jiya."
Na buɗe baki in ce ban aike shi ba,
in ce mai rumfar caca ne ya karɓe, ba ni ba,
in ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.
Sai idona ya faɗa kan safar hannunta,
ta huje a babban yatsa.
Na biya kuɗin burodina, na fita.

Nuala, Allah ya ji ƙanta, ba ta karanta shafina.
Rigunan mahaya kawai take duba:
"Wancan, mai ruwan ɗorawa da ɗigon kore."
Tana da ɗan littafi, layinta da layina,
yana nan a aljihun tebur, ƙarƙashin cokula.
Shekara goma sha tara tana rubutawa.
Ta fi ni da tsere sittin da biyu.
Ban taɓa gaya wa edita ba.

Waya ta sake ƙara.
Na rubuta: Wasiƙar Talata, muddin ruwa bai ɗauke ba.
Na ƙara layi ɗaya a ƙasa:
kada ka sa abin da za ka nema ranar Litinin.
Na san za su yanke shi, wurin talla ake so.
Dokin mai baki ya fi gudu,
a takarda dai ba wanda ya taɓa riga nawa.
Na tura.

Kafin in kashe fitila na jawo jerin riguna,
ban san me ya kai ni ba.
Ruwan ɗorawa da ɗigon kore: Gishirin Teku.

Na daɗe a zaune.
Can wajen ƙarfe ɗaya
ruwan ya fara tsagaitawa.