Miliyan Ɗaya da Uku

A aljihun kwat ɗin Otar ta tsince shi,
kwana arba'in bayan rasuwarsa:
tikitin bas, Kutaisi zuwa Zestafoni,
da tsinken ashana ƙonanne.
Lambar jikinsa, miliyan ɗaya da uku.

Mzevinar, da ta tsufa da alli a hannu,
ta jawo kujera bakin murhu.
Biyu ba ta shiga, ko makaho ya san mara ce.
Uku ta bar ɗaya a ƙofa.
Bakwai ta bar huɗu, sha ɗaya huɗu,
sha uku ma huɗu,
sai ka ce sun haɗa baki.

Ta yanke: kowane dare, mai rabawa guda.

Maƙwabtan lambar ba su da wuya.
Ta bayanta, biyu ta tsaga ta kamar burodi.
Ta bayan wannan ta ɗan yi gardama,
ɗari da ɗaya ta zo ta kwance ta.
Wannan kuwa ta kafe.

Ƙanƙara ta rufe baranda, ta narke.
Kogin Rioni ya kumbura.
Inabin da Otar bai datse ba ya yi toho.

Dare na ɗari da sittin da takwas,
ɗari tara da casa'in da bakwai
ta gwada sa'arta, ta bar sha biyu.
Babu sauran mai gwadawa.

Sai ɗaya ke raba ta, sai ita kanta.

Mzevinar ta mayar da tikitin aljihu,
ta ɗora ruwan shayi.
Yau ma kofi biyu ta sauko da su.