Bayan Sauka

Da taya ta taɓa ƙasa sai fasinja su hau tafi,
a wurinsu tafiya ta ƙare.
Ni kuwa a nan nake gyara zama.

Kwana biyu ruwan Agusta yana dukan Kano.
Daga sama na ga Jakara ta cika ta batse,
rufin kwanon Kurna na sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Ga titin jirgi a shimfiɗe, baƙi wuluk,
robar da tayoyi suka goga masa tun bara
ta sha ruwa, ta koma karkashi.

A garinmu ƙanƙara a buhu take, a kan baro,
sai azumi ya zo ta yi tsada a Fagge.
Amma na san wata, can ƙasar da na yi karatu,
mai kwanciya a kan kwalta, ba launi, ba sallama.
A can Kyaftin Mati, ɗan Gwammaja,
wanda sanyi ya cinye wa yatsun ƙafa biyu,
ya buge min hannu daga kan totur:
"Ke Tasalla, wa ya aike ki?
Birki ba a taka shi, lallashinsa ake yi.
Tan saba'in ne a bayanki, ba ya jin tsawa.
Kwana kuwa, ki shige ta
kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a cunkoson Kwari."

Ya rasu shekara huɗu ke nan.
Har yau bayan hannuna na tuna masa.

Hasumiya ta ce in karya dama.
Na rage, na ƙara ragewa,
har mai tafiya a ƙasa zai iya jerawa da mu.
Layin nan ruwan ɗorawa yana nutsewa yana tasowa,
fitilu shuɗɗa na rawa cikin kududdufi.
Sai tayar gaba ta zame,
taƙi ɗaya, bai fi ba.
Sallau a kujerar dama ya haɗiye numfashinsa.
Ban yi gardama da ita ba.
Na miƙe hancin, na saki, na jira,
har ta sake jin ƙasa a ƙarƙashinta.

A baya an fara buɗe ma'ajin kaya,
wani yana faɗa wa waya, "Ai mun iso."
Ba mu iso ba, Alhaji. Zauna.

Can ga Baba Ilu cikin rigar ruwa,
sandunan wuta biyu a hannunsa,
yana yafito ni kamar mai koya wa jika tata.
Zo. Zo. Kaɗan. Kaɗan.
Ya gicciye su a saman kansa.
Aka sa waigi. Na kashe inji.
Sai yanzu na ji ruwan a kan gilashi.

Waya ta yi ƙara. Inna ce.
"Tun ɗazu muka ji wucewarki ta kan gida,
me ya tsare ki?"
Na ce, santsi ne, Inna.
Ta ce, "To ki shigo a hankali,
zauren ma ya jiƙe."