Abin da Sikeli Bai Sani Ba

Shekara ashirin da uku ina dako a Farin Gada.
Buhun dankali daga Bokkos, kwandon tumatir, kabeji mai raɓa,
duk wuyan nan ya san su da suna.

Akwai wani ɗan lokaci da ban taɓa gaya wa kowa ba:
idan na jefa buhu a bayan mota,
kafin in miƙa hannu a sallame ni,
kaina yakan tashi shi kaɗai
kamar tulun da aka tsiyaye,
ƙafafuna su manta da ƙasa.
Taku uku ne, ko huɗu. Sai jiki ya dawo.

Jiya da dare Rahila na karatu a gaban fitila mai caji,
ta ce, Baba, waɗanda ke can sama cikin kumbo
ba nauyinsu ne ya gudu ba.
Faɗuwa suke yi,
su da kumbon da cokalinsu da ɗigon ruwansu,
suna kewaya duniya, ba sa isowa.
Tunda ba abin da ya tare su, ba sa jin komai.
Ko sikelin Alhaji Shu'aibu ka sa a ƙarƙashinsu
allurar ba za ta motsa ba.

Na yi dariya, na ce a kai Alhaji can ya yi ciniki mu gani.

Amma barci bai zo da wuri ba.
Na tuna ranar da muka kai uwarta.
Makara a kafaɗata ba ta kai kwandon latas ba.
Na dawo gida, ba mai jiran cefane,
ba wadda zan ji nauyinta in na yi dare a waje.
Wata uku ina yawo a Jos
kamar ledar da iska ta ɗauka a Taminus.
Mutane na yaba haƙurina.
Ashe faɗuwa nake yi, ban iso ba.

Sai ranar da gwaggonta ta dawo min da ita daga Bukur,
'yar shekara uku, tana barci,
ta aza min ita a ƙirji ba ko gargaɗi.
Nan na ji tsakuwa a tafin ƙafata.

Yau da asuba sanyi na cizon kunne.
Motar Bokkos ta iso, tana nishi.
Na naɗe gammo, na duƙa,
na ce wa yaron mota, ɗora.