Usur Ɗin Malam Haladu

Filinmu gonar Baba Ilu ce, a bayan Sule Tankarkar,
aro ake ba mu, daga girbi zuwa faɗuwar ruwa.
Sai an kwashe gero mu shiga da fartanya,
mu tone tushiya, mu tsince ƙaya,
mu ja layi da tokar murhun iyayenmu.
Turakun darbejiya, raga kuwa buhun albasa.

Nan na fara ganin sa, yana ɗingishi,
usur a wuya, alli a aljihu,
malamin lissafi da safe, da la'asar koci.

An ce a kwalejin Gumel, shekarun baya,
lamba sha ɗaya yake goyawa.
Haladu Bahago, hagu mai raba gardama!
In ya ɗauko ta daga bakin layi
masu rake kan bar ciniki su miƙe tsaye,
mai tsaron gida ya hau salati tun ba ta taso ba.
Har wasu suka zo daga birni da farar mota,
suka ce ran Asabar za su dawo ya sa hannu.

Ran Laraba gwiwa ta ce ƙas.
Ba ma a fili ba.
A kan babur, garin kauce wa akuya.
Wata uku a zauren mai ɗori
yana ƙirga azara, rediyo a kan ƙirji.
Farar mota ba ta sake biyo hanyar ba.
Bai taɓa ba mu labarin da bakinsa ba,
a teburin mai shayi muka tsinta, guntu-guntu.

Ni ya sa a gola don na fi kowa tsoro.
Ya ce, "Sagiru, matsoraci ne ke fara hango abin da ke tafe.
Bar kallon ƙafa, kalli ƙugun mai bugu.
Ƙafa na ƙarya, ƙugu ba ya yi."

Wanda ya faɗi jarrabawa, benci.
Bencin ma guntun giginya ne.
Gagarawa ta ba mu uku da nema
ranar da Hudu ya kwaso sifili a lissafi,
yana zaune yana cizon yatsa, mu muna hararar Malam.
Bai ce uffan ba. Ƙosai ya saya mana.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe a Dutse
buhun riɗi biyu ya sayar, ya ɗauko a-kori-kura.
Takalma bakwai, mu sha ɗaya,
mai fita ya tuɓe wa mai shiga, da ɗuminsu.
Aka tashi kunnen doki.
Daga kai sai mai tsaron gida.
Na kalli ƙugu, na faɗi dama, na cafe ta farko.
Ta ƙarshe ta bi ta ƙarƙashin hammatata.
Kofi ya bi wata hanyar.

A hanyar gida ba mai ko tari,
sai shi, ƙafa miƙe a kan safaya,
yana ta zungurin direba:
"Amma ka ga yadda ya kama ta farkon?"

Yau Hudu na yi wa shanu allura, da takardarsa a bango.
Ni ina faci a bakin tasha,
usur ɗin yana wuyana tun da Malam ya aje aiki.
Yana ta rufe masa ido,
duk da haka jikarsa kan jawo shi da la'asar,
ta zaunar da shi kan guntun giginyar nan.

Jiya wani ɗan tsurut, ba ko takalmi,
ya narka ta daga bakin layi.
Malam ya karkata kunne, ya ɗaga sanda:
"Sagiru! Wannan da hagu aka buga.
Ɗan wane ne?
Nawa ya ci a lissafi?"