Sunan Murya ta Uku

Shagona na bayan Ƙofar Ƙaura,
fanka na juyi, janareta na tari.
Hajiya Tasalla ta kawo kaset
ƙulle a gefen mayafi,
ta ce a zuba a faifai
kafin arba'in ɗin Malam Dangoje.

Kwamfuta ba ta san kowa ba.
Ta raɗa suna da kanta:
Sauti Ɗaya, Sauti Biyu, Sauti Uku,
kamar buhunan gero a kasuwar Charanchi.

Na goge. Na farko na sa Hausa,
inda yake bayanin iyakar gona.
Na biyu Fulatanci,
don danginsa na rugar Mani
su danna rimot su ji shi da harshen uwarsa.

Na ukun ne ya tsayar da ni.
Mai ɗauka ya manta makirfo a kunne:
tari, ƙarar buta a kan siminti,
kai yaro, kora akuyar nan,
sai dariya, doguwa, har ta shaƙe shi.

Wannan wane yare ne?
Na bi jerin harsunan injin
daga sama har ƙasa, babu.
Gurbin ma ɗan mitsitsi ne.

Na juya na tambaye ta.
Ba ta dubi allon ba.
Ta ce, rubuta Da Safe.
Haka yake kullum da safe.

Na rubuta. Faifai ya fara juyawa.
Ban karɓi kuɗin na ukun ba.