Yis Ɗin da Ban Saya Ba

Shekara talatin da ɗaya ina kwaɓa fulawa
a gidan burodin da ke bayan Tsohuwar Kasuwa.
Na san halin yis kamar tarin matata cikin duhu.
Ba shi ɗumi, ba shi ɗan sukari,
lulluɓe shi da buhu, ka kau da kai,
kafin ladan ya gyara murya ya tumbatsa.

Ran Talata shayi ya ƙona ni, alhali ya huce.
Yajin ƙosan Inno Kulu, da nake lasa tun ina saurayi,
ya koma garwashi.
Na leƙa madubin babur, na zaro harshe:
fari fat, kamar nonon da ya tsinke a ƙwarya.
Na kankare da asuwaki, ƙasansa ja, har da ɗigon jini.

A asibiti Likita Suwaiba, sa'ar 'yata ta uku,
ta goga auduga a dasashina, ta rufe a kwalba.
Da na dawo ta ce, "Baba Arzika, yis ne."
Na ce, "Ni dai ban taɓa cin ƙullu ɗanye ba."
Ta yi dariya har takunkuminta ya motsa.
"Ba naku na leda ba ne, dangi ne na nesa.
Bakin mutane da yawa yana da shi, masu lafiya garau.
Yana zaune a lungu, ba ya rigima,
sai ran da mai gida ya yi sake."

Ta tambayi suga. Na dubi silin.
Shekara huɗu ke nan da aka ce jinina ya yi zaƙi.
Ƙwayoyin suna aljihun wata tsohuwar taguwa,
ni kuwa kowace asuba cokali huɗu nake sa Nomau mai shayi ya zuba.
Ta ce har miyauna ya ɗauki zaƙin.

Sai haƙoran nan huɗu na sama, na roba,
da na samu bayan kabu-kabu ya zubar da ni a Gawon Nama.
"Kana cire su in za ka kwanta?"
Da rana nake barci, jikoki suna shiga suna fita,
ba na son su ga giɓi.
Ta rubuta wani abu, ba ta ɗago ba.

Kafso fa?
Duk tarin da ya zo, kemis na Runjin Sambo nake aika yaro,
na ɗari biyu, ba takarda.
Ta ce akwai ƙananan halittu masu tsare baki,
su kafson yake fara kwashewa.
Na zuba guba don ɓera, kyanwa ta ci.

Taba ban jira ta tambaya ba, yatsuna sun riga ni magana.
Ga tanda a gabana, ga bazarar Sakkwato a bayana,
baki ya bushe ƙayau,
miyau kuwa, in ji ta, shi ne mai shara.

A kan hanyar gida na yi lissafi.
Ɗumi na ba shi. Sukari na ba shi.
Na lulluɓe shi da roba, na kau da kai.
Duk ƙullun da na taɓa tayarwa
babu wanda ya samu gata irin wannan.

Yanzu haƙorana a kofin ruwa suke kwana,
ƙaramar jikata tana gaishe su kafin ta gaishe ni.
Sau huɗu ina kurkure magani, na nemo taguwar nan.
Nomau ya miƙo shayi lami, yana kallona kamar mai ta'aziyya.
Tabar ce dai muke ta ja-in-ja.

Daren jiya na yanka ledar yis, na auna a tafin hannu.
Yarona Tunau ya ce, "Maigida, a ƙara sukari?"
Na taɓa harshena da yatsa.
Na ce, "Auna dai. Wanga abu bai san ya isa ba."