Yashin Talata

Shekara goma sha tara ina riƙe da aikin gini a Garwa.
Dare uku nakan yi a kan jadawali guda,
da jan biro, shayi yana hucewa a gefe,
ina jera ranaku kamar mai jera bulo.

Jiya Ya'uba, yaron da aka haɗa ni da shi bayan salla,
ya rubuta wa na'ura layi biyar.
Kafin butar shayi ta tafasa
ga jadawalin ɗakin haihuwa na Pitowa,
ga kasafi, ga wasiƙa zuwa Yawunde
da Faransancin da ko malaminmu na lakwal bai kai ba.

Ba zan ɓoye ba, ta kama ni.
Buhu arba'in na siminti na ƙirga sau biyu.
Ta nuna wurin, ko gyaran murya ba ta yi ba.
Na ji kunyar abin da ba shi da ido.

Darakta ya kira da la'asar:
"Jaratu, to me ya rage a hannunki?"
Da dariya ya faɗa.
Ƙarshen wata na tarar da dariyar a takardar albashi,
jaka sittin babu.

Jadawali ya ce: yashi, Talata.
Talata ta zo, Binuwai ta kwana tana cika,
ta shanye gaɓar da ake ɗiba.
Masu shebur na zaune a kwale-kwale suna kallon ruwa.
Ni na san wani rafi bayan Gashiga
da ke janye jiki kwana biyu bayan ruwan sama,
na kuma san mai tifar da zai shiga can,
Bobbo Sali, wanda ba ya ɗaga wayar kowa
sai wadda ta je gaisuwar mahaifiyarsa.
Na je. Shekara shida ke nan.

Layin harsashi ya bi ta gindin tsamiya.
A takarda fili ne fetal.
A ƙasa, nan mata ke sauke ƙwaryar nono ran Lahadi.
Na zauna da jauro daga hantsi har inuwa ta juya,
mun yi zancen gero, da ciwon gwiwa, da tsadar taki.
Sai da na miƙe ya ce a matsa taku bakwai gabas.
Wane gurbi zan cike da wannan wunin?

Hamajoda magini yana da "to" iri uku.
Ɗaya na nufin gobe,
ɗaya na nufin a biya ni tukuna,
na ukun kuwa, ginshiƙin nan ba zai ɗauki rufi ba
amma ba ni zan faɗa a gaban injiniya ba.
Na'ura ta ji "to", ta rubuta: an amince.

Ba faɗa nake da ita ba.
Ta mayar mini da dare ukuna,
har na ga 'yata tana barci, abin da na daɗe ban gani ba.
Abin da ke cina daban ne:
a waɗancan dararen na koyi jin nauyin lamba,
na san inda lissafi ke ɗingishi tun kafin ya faɗi.
Ya'uba fa, a ina zai yi nasa tuntuɓen?

Kuma a ƙasan kowace takarda akwai ɗan layi siriri.
Na'ura takan cika shafi har baki,
ta bar wannan wurin fari.
Ranar da rufi ya tsage a kan mai naƙuda
sunan da ke bisa layin za a kira.

Yau da asuba na ce wa Ya'uba ya rufe kwamfuta,
ya sa takalmin da ba ya tausayi.
Ya ce jadawali bai nuna fita ba.
Na ce hau babur.
Bobbo Sali yana jiranmu a mararraba,
kuma hadari na haɗuwa ta wajen Tingilin.